Takardun Sun Tafi, Ruwan Ya Dawo

Shekarun baya, ina ɗalibi, na yi aikin mako uku da wata tawagar masu bincike a ƙauyukan kwarin Haɗeja. Aikina tafinta ne da cike takardar tambayoyi. Takardar da Turanci take, shafi goma sha ɗaya, ni kuwa in juya ta zuwa Hausa a kaina, in karanta wa magidanci, ya amsa, in sa alama a ɗan akwatin da ya dace. Ko ka lura ruwan sama ya canza? Eh ko a'a. Da wace dabara kake jure wa ambaliya? Zaɓi ɗaya cikin biyar. Iya takardun da ka cike iya kuɗinka, don haka ba ma son mai dogon zance.

A wani ƙauye na faɗa hannun mai dogon zancen. Dattijo ne, yana zaune a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Da na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya ce, "Yaro, ku ne na huɗu." Ya lissafa mini waɗanda suka zo da Bature, da waɗanda suka zo a farar mota, da wasu 'yan mata biyu masu na'urar ɗaukar magana. Na ce, "Baba, ai namu daban ne," alhali ni kaina ban san da me ya bambanta ba. Ya ce ya ji, zai amsa mini, amma shi ma yana da tambaya guda: waɗancan ukun da suka tafi da maganarmu, me suka gano?

Ba ni da amsa. Bai matsa mini ba. Da muka gama ya ajiye igiyarsa ya ja ni bayan masallacin garin, ya nuna mini wasu zane-zane da aka yi da ƙusa a jikin bangon siminti. Kowane zane iyakar inda ruwa ya kai ne a wata shekara, kuma kowace shekara yana riƙe da ita a ka, da abin da aka shuka, da wanda ya rasa rumbu. Na duba agogo, na yi masa godiya, na wuce gida na gaba.

Tun daga ranar nake da wani ra'ayi da har yau ban sami abin da ya rushe shi ba. Binciken da ake yi kan yadda talakawanmu za su rayu da sauyin yanayi hanya ɗaya yake bi: daga ƙauye zuwa jami'a, daga jami'a zuwa wata mujalla a Turai ko Amurka. Ba ya dawowa. Mutanen da aka tatsi maganarsu su ne na ƙarshe da za su ji abin da aka gano, in ma sun ji, kuma hukumomin da ya kamata su yi aiki da shi sun ƙware wajen karɓar rahoto a ɗakin taro da tafi, su kai shi kabad su kulle.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa duk zancen sauyin yanayi tatsuniyar Turawa ce. Akwai bincike mai nauyi da ya bayyana abin da manomi ke gani a gonarsa. A 2017 mujallar Nature ta buga aikin wasu masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Birtaniya, waɗanda suka bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara na ƙara zafi, tazarar zafin da ke tsakaninta da ƙasashen kudu na ƙara faɗi, wannan kuwa yana ƙara wa hadari ƙarfi. Wato damina ta farfaɗo daga farin shekarun 1970 da 1980, amma ta dawo da wani hali, ruwa a dunƙule. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta lissafa cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina kusan sau 80 a yankin Tafkin Chadi. A 2024 Nijar ta ga nata, mutum sama da 300 suka rasu, tsohon masallacin Damagaram da aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19 ya zube. Duk wannan sananne ne, a rubuce yake. Abin tambaya shi ne a hannun wa yake.

A 2021 wasu manazarta, Indra Overland na Norway da abokan aikinsa, sun bi sawun kuɗin da aka kashe wa binciken sauyin yanayi a duniya daga 1990 zuwa 2020. Kashi 3.8 cikin ɗari ne kacal aka kashe kan batutuwan da suka shafi Afirka, nahiyar da hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba amma take shan wuyar abin fiye da kowa. Cikin wannan ɗan kaso kuma, kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka, cibiyoyin Afirka suka tashi da kashi 14.5. Wanda ya ba da kuɗi shi ke tsara tambaya, shi ke cewa aikin na shekara biyu ne ko uku, shi ke riƙe bayanan a kwamfutarsa. Malamin jami'armu yakan shigo ne a matsayin wanda ya san hanya, ya san hakimi, ya san inda za a sami yara irina masu cike takarda. In an yi masa karamci a sa sunansa na shida a jerin marubuta.

Namu na gida ma ba a bar shi a baya ba wajen juya wa ƙauye baya. Malami ba ya samun ƙarin girma don ya koma Auyo ko Kirikasamma ya yi wa manoma bayanin abin da ya gano. Yana samu ne in ya buga muƙala da Turanci a mujallar da shi kansa wani lokaci sai ya biya kafin ya karanta. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar wani sashen jami'a ya ga kundayen digiri jibge, ƙura ta rufe, gara na ci daga ƙasa. Rabinsu kusan take ɗaya: yadda manoman ƙaramar hukuma kaza ke kallon sauyin yanayi. An tambayi manomi ko ya lura zafi ya ƙaru, ya ce ya lura, an zana jadawali, an ba gwamnati shawarar ta wayar da kan jama'a. Wane kan za a wayar? Mutumin da ya yi shuka sau uku a damina ɗaya ai ba ya buƙatar a gaya masa yanayi ya canza.

Akwai kuma wata kalma da ta cika waɗannan rubuce-rubuce, wadda in aka juyo ta Hausa takan zama "juriya". A gina juriyar al'umma, a ƙarfafa juriyar mata, a auna juriyar magidanta. Ina jin tsoron kalmar nan, domin a bakin ɗan siyasa tazararta da "haƙuri" ba ta kai taku ɗaya ba. Mun san yadda ake yi: ruwa ya ci gari, a zo da buhunan shinkafa da tabarmi da masu ɗaukar hoto, a ce wa jama'a su rungumi ƙaddara, a yaba musu da cewa jarumai ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Idan mai bincike ya auna juriyar matar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don ta sake gina ɗaki, bai rubuta wa ya toshe magudanar ruwa ba, wa ya ba da fili a kan hanyar ruwa, ina kuɗin gyaran madatsa suka shiga, to ya taimaka an ɗora wa talaka kayan da ba nasa ba ne.

Ba haka kowane bincike yake ba, kuma misalan da nake da su a yankin nan namu aka yi su.

Michael Mortimore Bature ne ɗan Ingila da ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Bayero ta Kano. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ya zaɓi ƙauyen Dagaceri, a arewa maso gabashin tsohuwar jihar Kano, Jigawa ta yau, ya riƙa komawa shekara bayan shekara har fiye da shekara goma, har farin 1984 ya same shi yana bin gidajen nan dai. Da yake bai yi sauri ba, ya ga abin da mai mako uku ba zai gani ba: yadda gida ɗaya ke raba ƙafa, wani ya tafi cin rani, wani ya yi tufka da saƙar tabarma, a haɗa iri mai saurin nuna da mai jinkiri a gona ɗaya, a sayar da dabba a daidai lokacin da ya kamata. Shi da abokan aikinsa sun kuma auna itatuwan gonakin kewayen Kano, inda masana suka yi ta hasashen cewa masu itacen girki za su share su ƙaf, suka tarar itatuwan na nan, manoma na kula da su, domin dukiya ce. Wannan ya ci karo da labarin da aka daɗe ana yi. Tun a shekarun 1930 wani masanin gandun daji mai suna Stebbing ya zagaya arewa a cikin rani, ya koma ya yi shelar cewa Sahara na tahowa za ta haɗiye mu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi sawunsa a 1936 da 1937, bai ga hujjar hakan ba. Amma labarin ya fi rahoton daɗin ji, shi ya sa har gobe ana maimaita shi.

Misalin da ya fi burge ni na Nijar ne. Bayan yunwar shekarun 1970 an zuba maƙudan kuɗi wajen dashen itatuwa a ƙasar, ana reno a gandu, ana kaiwa a dasa, rana da iska da awaki su gama da yawancinsu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, idonsa ya kai kan ɗan tsiron da ke fitowa a gona, ya gane ashe ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai manomi ya bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi lokacin sassabe, ya datse sauran, ya kare su. Mutanen yankin suka sa wa abin suna sassabin zamani. Ba sabon ilimi ba ne ga manomin Maraɗi ko na Damagaram. Ya daɗe da sanin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana, ya fitar da ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci, kashinsu ya zama taki. Abin da ya hana shi barin itace a gona doka ce tun ta zamanin Faransa, wadda ta mai da itatuwa na gwamnati, ma'aikacin gandun daji ya iya cin tarar mutum kan itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Da hannun hukuma ya sassauta, daga baya kuma dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ba manoma dama a kan itatuwan gonakinsu, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, maƙwabci na koyo daga maƙwabci.

Abin dariya, kuma abin takaici, shi ne kusan shekara ashirin duniyar masana ba ta san abin da ke faruwa ba. Rahotanni na ta cewa Nijar na rasa itatuwa. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da Chris Reij na Holan da Gray Tappan na Amurka da masana 'yan Nijar suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ga gonaki kusan hekta miliyan 5 sun koma kore, da itatuwa kimanin miliyan 200. A nan bincike ya yi amfani na gaske, amma a lura da irin amfanin: ya je ya ga abin da talaka ya riga ya yi, ya auna shi, ya ba shi lambobin da masu mulki ke jin yarensu. Haka labarin tassa yake, ramukan nan da ake haƙawa a fako a zuba taki su riƙe ruwa. Manoman Illela a jihar Tawa sun je Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka gani da idonsu, suka dawo suka yi, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Yacouba Sawadogo, manomin da ya shahara da wannan dabara a Burkina, bai yi karatun boko ba, amma a 2018 shi da Rinaudo suka karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin. Idan aka ajiye wannan kusa da shirin nan na Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kashi 4 cikin ɗari na abin da aka yi niyya kawai aka cim ma, mutum zai yi shiru ya yi tunani.

To amma ko binciken ya yi kyau, sai an sami mai ji. A nan ne zan koma kwarin Haɗeja, inda na fara. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke ciyar da kogin Haɗeja. Kafin nan kogin yakan cika da damina ya malale fadamu, ya janye da rani, a yi shinkafa, a yi su, a yi noman rani a kan laima, makiyaya su sauko da shanu. Tun a farkon shekarun 1990 masana, cikinsu har da masanin tattalin arziki Edward Barbier, suka lissafa abin da fadamun Haɗeja da Nguru ke samarwa, suka kwatanta da abin da noman ban-ruwa na Kadawa ke samarwa da ruwa daidai wannan, suka nuna fadamun sun fi riba nesa ba kusa ba. Suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwan madatsun ta yadda zai kwaikwayi cikar kogi da janyewarsa. Abin da aka samu a maimakon haka shi ne ruwa na gudana rani da damina, ba cika ba janyewa, wanda shi ne daidai abin da kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya juya cikin gonaki da gidaje a wani gefen, wani gefen kuma ya bushe. Tsuntsun jan-baki ya sami masauki a cikinta, yana fitowa ya cinye shinkafa da gero. Mutane na yin gayya su shiga ruwa da lauje da adda suna yanka, ta sake fitowa. Idan yau ruwa ya ci Auyo ko Guri aka ce sauyin yanayi ne, an faɗi rabin gaskiya. Sauran rabin yana cikin rahotannin da suka haura shekara talatin a kabad.

Tafkin Chadi kuwa akasin haka ne, an ji bincike an riƙe, an ƙi sakinsa bayan ya tsufa. Gaskiya ne tafkin ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin shekarun 1960 da 1980. Amma binciken baya-bayan nan da tauraron ɗan'adam ya nuna cewa tun shekarun 1990 ba raguwa yake ba, yana cika yana janyewa ne yadda ba a iya hasashe. Masunci da manomin bakin tafki abin da ke damunsu rashin tabbas ne, da rashin tsaro, da hana su zirga-zirga. Shugabanni dai sun fi son tsohuwar lambar, domin da ita ake neman biliyoyin janyo ruwa daga kogin Kwango.

Sai maganar gargaɗi. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA na fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974 tana irin wannan aiki wa ƙasashen Sahel. Aiki ne mai kyau, ban raina ba. Amma a ce wa mutum jiharku na cikin jihohi talatin da ke fuskantar ambaliya, me zai yi da wannan? Yana son ya ji ko unguwarsu ce, yaushe, ya bi ta ina, ya kwana a ina, wa zai tsare masa gida. Madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta taɓa jawo ambaliya a 1994. Shekara talatin cif bayan nan, daren 9 ga Satumba wayewar 10, 2024, ta ɓalle mutane na barci, ruwa ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga kasuwar Monday, namun dajin gidan zu suka fito cikin gari, fursunoni sama da 270 suka tsere. Garin nan yana da jami'a mai sashen injiniya da na labarin ƙasa, ga cibiyar binciken Tafkin Chadi. Ba ilimi aka rasa ba a Maiduguri. A Mokwa ta jihar Neja, ƙarshen Mayun 2025, ruwan dare ɗaya ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba, aka tsinci gawa sama da 150, wasu har yau ba labari. Tsakanin wanda ya san ruwa na zuwa da wanda ruwan zai ci akwai wani gibi, kuma cike shi ba ya buƙatar wani sabon digiri. Mai unguwa, limami, rediyo, lasifikar masallaci, da wani tudu da kowa ya san can za a gudu: wannan ne binciken da nake so in ga an yi, an gwada shi da rani, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan yi wa kaina adalci a nan, in ja birki. Akwai masu ɗaukar ilimin gargajiya kamar maganin kowace cuta, ni ba na cikinsu. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, amma bai san ruwan da aka yi jiya a tsaunukan Jos ba, wanda zai iso masa ta kogin Jama'are, bai kuma san ranar da Kamaru za ta buɗe madatsar Lagdo ba. Tsofaffi da kansu na cewa alamun sun fara yaudara, shamuwa ta zo ruwa bai zo ba, a yi shuka a ruwan farko a yi kwana ashirin ba ɗigo. Nan ne na'ura ta fi ido. Kuma manomi ba ya gudun sabon abu in ya ga amfaninsa. Geron Sosat mai saurin nuna ya shiga gonakin arewa ba tare da an yi wa kowa dole ba, haka irin wake da gyaɗa da masara da cibiyoyin binciken noma na Samaru da IITA da ICRISAT suka fitar. Malaman da suka yi waɗannan ayyuka sun yi su ne cikin yajin aiki da rashin wuta da albashin da ba ya kai wata, sun cancanci a jinjina musu. Inda zaren ya tsinke shi ne malamin gona, wanda da shi ne gada tsakanin Samaru da ƙauye. Yara da yawa a karkara yanzu ba su taɓa ganinsa ba.

Wani abu kuma da na gani da idona a wancan aikin: mu duka maza ne, gidajen kuwa ba a shiga. Don haka duk abin da muka rubuta a matsayin dabarun iyali maganar maigida ce a zaure. Wadda ta san yawan tsabar da ta rage a rumbu, ta san yadda ake haɗa tafasa da yaɗiya da ɗan ƙuli a wuce da yini, ta san gidan da za a aika yara in abinci ya ƙare, tana ciki ba wanda ya tambaye ta. A takardar dai an cike akwatin jinsi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Jami'a ta ce ba ta karɓar kundin da aka yi a kan wata al'umma sai ɗalibin ya koma can ya yi bayaninsa da bakinsu, Hausa ce ko Barbarci ko Fulatanci, a gaban dagaci da jama'a, maza daban mata daban, ya dawo da abin da suka ce, ko da cewa suka yi ƙarya ne. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu da sauran masu ba da tallafi su ware kuɗin komawar a cikin kasafin aikin tun farko, su kuma yarda da aikin shekara goma a ƙauye guda, irin na Dagaceri. Kwamitin ƙarin girma ya ƙirga shirin rediyo na minti talatin da ya sa manoma dubu suka jinkirta shuka kamar yadda yake ƙirga muƙala. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma da Bankin Duniya ya ba bashin dala miliyan 700 a 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja, bashi ne da jikokinmu za su biya, ya kamata a ce malaman jami'o'in yankin na bin sa gona-gona suna faɗa wa jama'a abin da ya tsira da abin da ya mutu. Na san wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin mai binciken da ke jiran kwangilar ba da shawara daga ma'aikata ba zai so ya rubuta sunan ma'aikatar a inda ya kamata ba.

Bayan ambaliyar 2022 wata hidima ta kai ni kusa da ƙauyen nan, na ce bari in ratsa. An ce mini dattijon ya rasu da 'yan shekaru. Masallacin kuma ruwa ya kwantar da bangon bayansa, an sake gini da sabon bulo, an shafe shi da siminti sumul. Na tambayi wani jikansa ko akwai wanda ya kwafe shekarun zanen nan, ya ce shi dai ya san Baba na nuna wa baƙi. Na tsaya ina ƙoƙarin tuna ko zane nawa ne, bakwai ko tara, na kasa. A takardar da na cike masa ran nan ba akwatin da za a sa su, ni kuma ban juya bayanta na rubuta ba.